Ranar da Na Je Ganin Tumatirin Wani

A shekarar da lif ɗin gidanmu ya lalace tun farkon sanyi har ƙarshensa, muka yi ta hawa bene na shida da ƙafa, a shekarar ce na samu fili a lambun unguwarmu ta Mount Hope, a Bronx ta Amurka. Filin ba wani babba ba ne. Akwatin katako ne cike da ƙasa, tsawonsa bai wuce tabarma biyu ba, a tsakanin manyan gidaje biyu. Shekara uku ina jiran layi kafin ya zo kaina. Ni kuwa ɗan Kadawa ne, a cikin tumatir aka haife ni. Da yayana ya ji labari, sai ya aiko mini da iri daga gonarmu, na tumatir da ɗan attaruhu, a nannaɗe cikin takarda, ta hannun wani da ya je gida. Na yafa shi duka a tsakiyar Fabrairu, a cikin kofunan roba a bakin taga, ban rage ko ƙwaya ba. Ƙarshen Maris aka yi kwana huɗu ana rana mai daɗi, mutane suka tuɓe manyan riguna. Ran Alhamis na sauko da dashena daga bene na shida, sawu biyar, na dasa.

A ƙofar lambun akwai takarda da aka liƙa. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin karatu na manya, don haka na tsaya na bi ta da yatsa, harafi bayan harafi, har ƙarshe. Cewa ta yi kada a fitar da tumatir sai watan Mayu. Ita ce takarda ta farko da na karanta ni kaɗai ba mai taya ni, kuma ban yarda da ita ba. A wurinmu da sanyi ake noman tumatir. Zafi ne ke kashe shi. Wa zai koya mini?

Ran Lahadi, ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da maƙwabcina mutumin Maraɗi. Shi ya matsa mini mu je Staten Island wurin wani Alhaji ɗan Kumasi da muke haɗuwa da shi a masallacin Juma'a a Harlem. Tun bara mutane ke maganar tumatirin Alhajin nan. Duk wanda ya je gidansa sai ya dawo da leda, ya dawo da labari. Mutumin da aikinsa kula da tsofaffi ne, wanda da bakinsa ya gaya mini a cikin zango, unguwar baƙi a tsakiyar birni, ya tashi, bai taɓa riƙe fartanya ba sai da ya zo Amurka. Ba zan ɓoye muku ba, ba zumunci ne ya tashe ni ba. So nake in gani da idona, in dawo in ce ba komai ba ne.

Mun shiga jirgin ƙasa mai lamba huɗu. A Bronx a sama yake tafiya, kana ganin rufin gidaje da filin ƙwallo, sai can ya nutse ƙarƙashin ƙasa. Da sassafen Lahadi ba cunkoso. Masu dawowa daga aiki suna gyangyaɗi da jakunkuna a cinya, wata mata da farar hula babba za ta coci tana gyara wa kanta hoda. Ni kuma ina ta karanta sunayen tashoshi a zuciyata kafin muryar jirgin ta faɗa. Wasu na riga ta, wasu ta riga ni. Kusan awa guda muka yi kafin mu fito a ƙarshen Manhattan, inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara.

Shekarata goma sha ɗaya a garin nan ban taɓa shiga jirgin ruwan da ke kai mutane tsibirin Staten Island ba. Ƙato ne, mai launin ruwan lemo, ya fi gidan da nake ciki faɗi. Na zaro katina zan biya, maƙwabcina ya yi dariya ya ce kyauta ne. Na tambaye shi sau biyu. A garin da kofin shayi na kan titi ya kai kuɗin tuwon mutum uku a gida, a ce ga jirgi guda kyauta! A ciki akwai mai sayar da kofi da burodi, shi kam ya fanshe abin da jirgin ya yafe. Mun wuce gunkin matar nan mai ɗaga fitila, baƙi suka ruga gefe guda da wayoyi. Ni na fita baya na tsaya, na ji iskar ta sauya. Ba irin ta ran Alhamis ba ce. Na ce a raina iskar ruwa ce kawai.

Daga tashar jirgin muka hau bas, ya bi bakin ruwa, ta gaban tsofaffin masana'antu da wuraren gyaran jiragen ruwa. Port Richmond, unguwar su Alhaji, ba ta yi kama da Bronx ba. Gidajen gajeru ne, na katako, kowanne da ɗan tsakar gida a baya. Babban titin cike yake da shagunan mutanen Meziko, da na 'yan Afirka masu manja da busasshen kifi. A wani shago na ga buhunan ƙasa a jere a waje, ƙasa dai ƙasa, ƙaramin buhu dala takwas. Na ce da yayana zai ga wannan, da ya daina noma ya koma sayar da gonar da mudu.

Alhaji ya tarbe mu a ƙofa da fara'a. "Manomin Kano! Yau dai Allah ya kawo ka." Ya wuce da mu ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan. A nan na fara jin daɗi. Dashensa duka bai fi tsawon ɗan yatsa ba, ganye bibbiyu, a cikin ƙananan kofuna ƙarƙashin wata doguwar fitila. Nawa kuwa ya kai taƙi guda, yana waje yana shan iska. Na ciro waya na nuna masa hoto, ina jira ya yaba.

Ya daɗe yana kallon hoton. Sai ya ce, "Malam, wannan a waje yake?"

"Tun ran Alhamis."

"Innalillahi. Ka duba waya yau kuwa? Sanyi na zuwa. Kafin gari ya waye raɓa za ta daskare."

Na ce, "Alhaji, tumatir ɗan sanyi ne. Mu a Kadawa sai sanyi ya shigo muke dashe."

"Sanyin Kadawa ya taɓa mai da ruwan randa dutse?"

Maƙwabcina ya fashe da dariya. Ni ban yi ba.

Ya ja ni jikin bango ya nuna mini kalanda. Ya zagaye wani mako a watan Afrilu da jan biro, ya ce wajen nan ne raɓa ke daskarewa ta ƙarshe a yawancin shekaru, amma ba a yarda da shi, sai a ƙara masa sati uku ko huɗu ƙasa ta yi ɗumi. Daga ranar dashen sai ya ƙirgo sati shida baya, nan ne ranar yafa iri. Kafin ya dasa kuma, sati guda yana fitar da kofunan waje, yau awa biyu, gobe uku, har su saba da iska. Salak da kabeji da alayyafon Turawa su ne ke jure sanyi, su ya riga ya shuka. Tumatir da attaruhu da kuɓewa sai Mayu. Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ɗauko 'yar takardar da ake sayar da iri a ciki, ya juya bayanta. "Duk a nan yake, Malam. Karantawa kawai na yi."

Wannan maganar ta fi komai zauna mini. Mahaifina ya yi shekara arba'in a fadama kafin ya san abin da ya sani, da ciwon baya da kaushi. Ni na bi shi tun ina ɗan shekara bakwai, shi ya sa ban shiga makaranta ba. Ga mutum ya juya bayan takarda, ya karanta a tsaye cikin shago, ya zama manomin da ake labari a masallaci.

Ya fita da mu bayan gida. Filinsa ya ninka akwatina sau goma. Sandunan bara suna nan a kafe, kowanne ya fi ni tsawo, ya ce har samansu tumatirin ya kai. Ga tulin taki da ya haɗa da ɓawon kayan miya da busasshen ganye, baƙi wuluk, na damƙa na ji laushinsa. Na nemi abin da zan kushe ban samu ba. A ƙarshe na ce jerin nasa ya ɗan karkace. Ya ce gaskiya ne, zai gyara. Da ya yi musu ma da na fi jin daɗi.

Sai abinci. Maiɗakinsa ta kawo shinkafa da wake irin tasu ta Gana, da baƙin yajin nan nasu, da miyar kaza. Ina kai loma ta farko na san ba tumatirin gwangwani ba ne. Alhaji ya buɗe firiza ya nuna mana ledoji jere, jajaye, kowacce da rubutun wata a jikinta. Na bara ne, wata bakwai ke nan suna ci bai ƙare ba. Maƙwabcina ya ƙara faranti na biyu yana ta santi, har da Faransanci. Ni na ci rabi na ce na ƙoshi. Ƙarya nake. Rabona da miya mai wannan ƙamshi tun ta mahaifiyata, kuma a gidan ɗan zango na same ta.

Da za mu tafi bayan azahar, Alhaji ya fito da babbar leda. Tsofaffin zannuwan gado ne da wani farin yadi marar nauyi. Ya ce in lulluɓe dashen kafin rana ta faɗi, in danne gefe da duwatsu, ko kuma in mayar da su kofuna in hau da su sama, wanda ya fi.

Na ce, "Alhaji, na gode. Amma mu ba ma lulluɓe tumatir. Ba jariri ba ne."

"Karɓi mana, Malam," in ji maƙwabcina. "Ni zan ɗauka, ba kai ba."

Na ce ya ajiye. Alhaji bai ja maganar ba. Ya raka mu har tashar bas da ledar a hannu, ko zan sauya ra'ayi, ya koma da ita gida.

A jirgin dawowa ba wanda ya iya tsayawa a waje. Sama ta washe tas, ba gajimare ko ɗaya, iska kuma tana shiga ta ɗinkin riga. Kafin mu kai Bronx, sau biyu maƙwabcina ya juyo mini da fuskar wayarsa in ga lambar sanyin tana sauka. Lambobi kam na iya su tun kafin in shiga aji.

Mun iso unguwa rana ba ta faɗi ba. Na tsaya a shingen lambun. Dashena na nan tsaye, kore shar, iska na kaɗa shi. Da sauran lokaci. A sama matata na da tsofaffin zannuwa cike da akwati, akwai bokitai, kofunan ma ban zubar ba. Abin da ya tsaya mini shi ne ran Juma'a, a ce a ƙofar masallaci Alhaji ne ya ceci tumatirin manomin Kadawa. Na gyara hulata na hau sama.

Da safe gilasan motoci sun yi fari, ruwan da ya taru a bakin titi ya zama ƙanƙara. Na buɗe lambun. Duk sun kwanta a ƙasa, ganyen ya yi baƙi ya yi laushi kamar an kwara masa tafasasshen ruwa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina taɓa kara, ko akwai mai sauran ƙarfi. Babu. Wajen ƙarfe tara Alhaji ya kira, bai tambayi komai ba, ya ce kawai ya ware mini kofi shida na dashensa sai Mayu. Na yi godiya. Har yanzu da nake rubutun nan ban san ko zan je in karɓa ba, kuma in na ce zuciyata ta huce a kansa, ban faɗi gaskiya ba.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Sanyin nan da na gida suna ɗaya kawai suka haɗa. Wanda zai yi tumatir a garin nan ya nemi ranar sanyin ƙarshe na unguwarsa, ya ƙirga baya, kada rana huɗu ta Maris ta ruɗe shi. Kuma abin da na sani a Kadawa gaskiya ne, a Kadawa.

Na rasa dashen tumatir talatin da shida, da attaruhu takwas, da sati shida na ban ruwa safe da yamma, da irin gonarmu gaba ɗaya. Yayana ban gaya masa ba tukuna.