Igiyar da Na Ɗaura wa Ɗana a Wuya

Lokacin ina da ƙuruciya, shekararmu biyu da sauka Makka ta hanyar Sudan, muna zaune a unguwar Mansur ni da maigidana da mahaifiyata da ɗana guda mai shekara shida. Ina suyar ƙosai a bakin hara, wato layin unguwarmu, ba abin da ke ci mini rai kamar in ji yaran Larabawa suna kwaikwayon bakinsa, suna kiransa ɗan Takari.

Tun muna gida, haihuwarsa ta zo mini da gardama aka kai ni asibitin mishan. Wadda ta yi jinyata wata Sista ce 'yar ƙasar Ailan, da carbinta a ɗamara, Hausarta a karye amma ga son hira. Ta ce a zamanin kakarta iyaye kan rataya wa yaro guntun itace a wuya, duk sanda ya yi yaren gida a yi wa itacen tsaga, da safe malami ya duba ya yi bulala, don dai yaro ya iya Turanci ya sami abin yi. Ta ce addu'a ɗaya ta rage mata a yaren kakar, tana karantawa ba ta san ma'anarta ba. Da ƙwalla ta faɗa mini. Ni kuwa dabarar kawai na riƙe.

Da ya shiga madarasa sai na ɗaura masa igiya. Kalmar Hausa ɗaya, ƙulli ɗaya, ranar Alhamis kowane ƙulli da tsumagiyarsa. Mahaifiyata ta yi ta roƙona, wai da wa za ta yi hira idan na toshe bakin angonta, kamar yadda take kiransa da tsokana. Na ce gata nake masa. Cikin shekara uku igiya ta daina ƙulli, ustazu yana ta yaba Larabcinsa, ni ina murna.

Ranar da ciwon ajali ya kwantar da mahaifiyata, ta riƙe hannunsa ta daɗe tana magana, tana lissafa masa danginmu na gida, tana sa masa albarka. Ya juyo ya tambaye ni da Larabci me sitti, wato kakarsa, take cewa. Na buɗe baki in fassara, kuka ya ci ƙarfina.

Yau ya zama magidanci, bai rage ni da komai ba, amma ummi yake ce mini. Sau ɗaya nake marmarin in ji ya ce Inna. Iyaye 'yan'uwana da ke zaman baƙunta, ku bar yaro ya koyi harshen gari, amma kada ku cire masa na gida. Igiyar tana nan cikin adakata, na kasa jefarwa.