Ranar da Maggie Ta Ce Za Ta Dawo

Da safiyar ashirin da biyu ga Disamba, shekarar da Babanmu ya rasu, aka ƙwanƙwasa ƙofar flat ɗinmu a unguwar Lewisham da ke Landan. Ina 'yar shekara tara. Na buɗe, sai ga Maggie, tsohuwar Baturiyar da ke zaune a ƙasanmu, takalmanta caɓa-caɓa da taɓo, ta ɗora kambin ganye a ka, hancinta ya yi ja wur don sanyi. Tana riƙe da kyandir a cikin kwalba, tana kare shi da tafin hannu, rigarta sai warin hayaƙin itace.

Maggie ce aminiyar Mama, ko da yake Turancin Mama bai wuce na cefane ba, ita kuwa Maggie ko "sannu" sai ta murɗe shi. A 'yan gonakin da council ke bayarwa haya bayan layin dogo suka saba, kunyar nomansu na jikin juna. Mama ta nace sai ta noma yakuwa a ƙasar da rana ke fitowa da rowa, yakuwar ta yi ta mutuwa, har Maggie ta ba ta lungu a ɗakinta na leda da take renon shuka. Ni ce 'yar ɗebo ruwa da tsince dodon koɗi daga ganyen kabeji, aikin da na tsana. Su kuwa su wuni a durƙushe, hira da hannu, dariya da baki. Da Baba ya gaya wa Mama cewa matar nan da bakinta take kiran kanta arniya, Mama cewa ta yi, "To, arniyar dai ba ta taɓa hana ni tiyo ba." Kowace shekara, idan dare ya kai ƙarshen tsawonsa, Maggie da mutanenta, tsofaffin malaman makaranta da masu jinya da wani mai raba wasiƙu, sukan hau tudu su hura wuta da gungume, su yi ta waƙa har rana ta ɓullo. Ba mu taɓa zuwa ba, ba ta kuma taɓa matsa mana ba. Ta dai kawo mana kek mai citta, Mama ta mayar da farantin cike da masa.

A wannan shekarar Mama tana cikin takaba. Ba fita, ba gona, ga duhu tun kafin in iso gida daga makaranta. 'Yan gaisuwa sun yi nasu sun koma aiki, sai dai waya: "Wallahi na yi niyyar zuwa, an yi cancel ɗin train." Maggie kaɗai ce ke hawowa kullum, ta ajiye madara da burodi, ta zauna kusa da Mama. Sai ta zauna Mama ke yarda ta ci abinci. Ni ma na san in babu ita, Mama ba ta da kowa a wannan bene.

To, a safiyar nan Maggie ta miƙo kyandirin, fuskarta fal murna, ta ce in faɗa wa Mama, "The sun is coming back." Ni da Hausata ta 'yar Landan, mai ji amma ba ta mayarwa, na ce, "Mama, wai rana za ta dawo." Na faɗi daidai. Sai dai kalma ɗaya muke da ita ga ranar da ke sama da ranar da ake ƙirgawa, kuma macen da ta binne miji, ma'ana ta biyun kawai take ji. Mama ta ɗago ido ta ce, "Gaya mata rana ba ta dawowa. Wadda ta tafi ta tafi." Na juya shi Turanci da ranar sama. Maggie ta dubi kyandirinta, ta ce a yi haƙuri, ba ta yi nufin shigo mana da addininta ba. Wannan ban san yadda zan faɗe shi da Hausa ba, sai ban fassara wa Mama ba. Ta sauka a hankali.

Daga nan madara da burodi suka koma tsayawa a bakin ƙofa. Maggie na ganin an ƙaryata mata abin da ta yi imani da shi, Mama na ganin an gaji da gidan makoki, kuma kowacce kunya ta hana ta tambaya. Mama ta rame ƙwarai a hunturun nan. Kafin ta fita takaba, ƙafar Maggie ta matsa mata, 'yarta ta zo ta tafi da ita can arewacin ƙasar. A can Maggie ta rasu.

Sai da na girma, ina karatun Hausa a jami'a, abin ya faɗo mini a tsakiyar aji. Yanzu Mama na jin Turanci har tana gyara wa jikokinta, maƙwabta kuwa ba mu san ko sunansu ba. Da na warware mata zancen, sai ta share ido da bakin mayafi.

"Ashe ta sama take nufi," in ji ta. "Ai da na ce mata wannan kam tana dawowa, da ikon Allah."

Amsar tana nan, sai dai wadda za ta ji ta ba ta nan.