Inda Baba Tela Ya Kai Jikarsa

Shekara goma sha tara Baba Tela yana ɗinka kayan makarantar ƙananan yara a garin nan, bai taɓa leƙa aji ba. Makarantun gwamnati biyu ne: ta bakin titi mai shuɗin yadi, da ta bayan asibiti mai ruwan ƙasa. Duk uwar da ta tambaye shi wacce ta fi, sai ya dubi yadin da ke hannunta ya ce, "Ai kin riga kin zaɓi mai kyau." Da haka ya zauna lafiya da kowa.

Da jikarsa Ƙaramar Hajiya ta cika shekara uku, matarsa ta ce, "Malam, kai ne masani. Ka je ka gani da idonka."

Ya fara da ta bakin titi. Fenti sabo, an zana giwa da jirgin sama a bango. Shugabar ta nuna masa kwamfuta a ofishinta, lulluɓe da wata riga da ya gane ɗinkinsa ne tun shekara shida, ko karin guga bai baje ba. Lilo kuma an ɗaure shi da sarƙa.

"Yaran ba sa hawa ne?"

"Haba Baba, su lalata mana? In masu duba makarantu suka zo, me za mu nuna musu?"

A ta bayan asibiti tun daga ƙofa ihu ya tare shi. Rufi na yoyo, an tara bokiti. Malama ɗaya, muryarta a dishe, da yara kusan hamsin, tana koya musu ƙirga da murafen kwalba. Wani ya faɗi, ta ɗaga shi, ta kira sunansa da na uwarsa, ta share masa majina da bakin mayafinta. Baba Tela ya ji zuciyarsa ta kwanta.

"Malama, ga jikata fa."

"Ayya Baba, ka makara. Wuri ya cika tun watan jiya."

"Su wa suka cika shi?"

Ta nuna layin gaba da baki. "Waɗancan 'ya'yan malaman bakin titi ne. Mai jan takalmin nan autan shugabarsu ne."

Ya koma shago jiki a sanyaye, ya yanka shuɗin yadi. Matarsa kuwa har da guɗa, wai jikarta ta shiga makarantar kwamfuta.

Zango guda Ƙaramar Hajiya ta yi, ƙirgarta ba ta wuce huɗu ba. Amma ranar da mai gyaran famfo ya shigo gidan da jaka a hannu, zumbur ta miƙe, ta haɗe ƙafafu, ta rera da ƙarfi: "Barka da zuwa, babban baƙo! Makarantarmu tana da tsafta!"

Mutumin ya tuɓe hularsa ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe."