Baffa Ya Zo Neman Sunan Yaya Sanusi

Jiya Baffa Malam ya daɗe yana sallama a zaurenmu na Tambuwal, Inna tana tankaɗe, ta ƙi amsawa.

Wan mahaifinmu ne, limami a Kebbe. Lokacin da Yaya Sanusi ya kashe kansa, Baffa ya ƙi jan sallar gawar, sai wani aka samu ya ja. Tun ranar Inna ta daina gaishe shi, dangi kuma suka daina ambaton sunan Yaya.

Da ya gaji, ya yi magana daga bakin ƙofa:

"Hajiya, jika nis samu. Sanusi nika son raɗa mai, in kin yarda."

Inna ta ce, "Wanda kaƙ ƙi yi ma salla?"

"Shi. Abin da nik karanta nib bi. Amma ɗan ƙanena ne, ba ni son sunan ya ɓace gidanmu."

Inna ba ta ce ta yafe ba. Ta karkaɗe rariya, ta ce min, "Kai mai tabarma."

Ku, da me ake gane yafiya a gidanku? Mu tabarma muka gani.