Geron Kawu Ilu da Tattabarun Harami

Ku da kuka zauna a layinmu na Utaibiyya kun san kaka ba ta shigowa Makka sai Kawu Ilu ya sanar. Mu da aka haifa a nan yanayi biyu muka sani, zafi da wanda ya fi shi. Shi kuwa rana ɗaya zai fito da safe, gumi na zuba, ya shaƙi iska ya ce, "Kaka ta yi." Sai ya rataya tsohuwar kyamararsa ya haye saman bene, inda gonarsa take: bokitin fenti bakwai, duk gero.

Ƙanen mahaifiyata ne. Ya baro ƙauyensu a ƙasar Daura gero yana bununi, ya ce wa babbar yayarsu Hajo zai dawo kafin girbi. Ya sauke farali ya yi zamansa, ba iƙama, wato takardar izinin zama, shekara arba'in. In ya fita babu dawowa, shi kuma ya riga ya zaɓi inda za a binne shi. Burinsa ɗaya ne, ya ɗauki hoton cikakkiyar zangarniya ya aika wa Hajo, ta ga bai bar noma ba.

Ruwan famfo kuwa ba ya taɓa geronsa. Gwangwanaye ya jera a ƙarƙashin kowane mukayyif na layin, wato na'urar sanyaya ɗaki, abin da ya ɗiga shi ne daminarsa. Da maƙwabcinmu Usman ya yi kwana goma a Jidda, a ƙofar gida Kawu ya tare shi.

"Ya Usman, ka tafi ka kashe mukayyif? Ai ka jawo mana fari."

Duk wannan wahala, wa ke girbewa? Tattabarun Harami! Da gero ya fara ido sai su sauka, kun kuma san ba a korarsu. Kawu ya tafi wajen limamin masallacinmu neman mafita.

"Malam, tari fa?"

"In da niyyar kora ne, bai halatta ba."

"In mura ce fa?"

"Wannan daga Allah ne."

Ranar kofi huɗu na ruwan ƙanƙara ya shanye. Wallahi ko atishawa bai samu ba.

Daga nan ya koma lallashi. Kowace tattabara Hajiya ce a wurinsa. Za ka ji shi yana cewa, "Hajiya, ki dubi Allah ki bar min ɗaya," tana ci yana ɗaukar hotonta. Kundinsa yana nan, shafi bayan shafi, karan gero tsirara da tattabara ƙosasshiya a kai, a bayan kowanne ya rubuta da ajami: Kakar bana. Ko ɗaya bai aika ba, kunya yake ji. Na sha ce masa ya rufa gidan sauro a huta, sai ya harare ni ya ce 'ya'yan Makka ba su san noma ba. Raina ya sha ɓaci da taurin kansa.

Bara da ciwo ya kwantar da shi, ban shawarci kowa ba na rufe bokitan. Zangarniya uku suka cika fam. Na ɗauka da wayata, na sauko da gudu na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, yana shafa gilashin da babban yatsa, har idonsa ya ciko. Can ya ce, "Su Hajiya fa, me suka ci?"

"Kawu, shekara nawa kana jiran wannan?"

"Na gani, ɗiyata. Ki aika wa Hajo. Amma ni ma haka na sauka a garin nan, ba wanda ya gayyace ni, na ci na sha ba a kore ni ba. Je ki yaye musu."

Ina kuka na yaye. Kafin la'asar sun gama da shi tas. Bayan kwana uku Kawu ya cika.

Na aika wa Inna Hajo hoton, na haɗa da na tattabarun gaba ɗaya. Ta turo saƙon murya, tana dariya muryarta na rawa: "Ilu ke nan. Ko a gida in an tura shi korar tsuntsu, hira yake tsayawa yi da su."

Allah ya jiƙan Kawu Ilu. Ya Allah, baƙonka ne, bai taɓa korar naka ba. Ka buɗe masa ƙofa, ka sauke shi inda zangarniya ke cika har ta ishi kowa.