Daminar da Soron Baba Bai Bushe Ba

Tsofaffin Jimeta da suka rage har yanzu da daɗin baki suke tuna wannan daminar. Wai shekarar da aka huta da zafi, wai har da bargo aka riƙa kwana a watan Agusta. Ni in aka ɗauko wannan hirar tashi nake yi in ba su wuri, don ba ni da abin faɗa da zai yi musu daɗi.

Baba magini ne, mutumin Kano. Yana saurayi aka kawo shi Jimeta ya gina wa wani attajiri zaure, ya gama aikin ya ƙi komawa, ya auro Dada, mahaifiyata, daga Wuro Hausa. Ya shekara fiye da talatin yana shan ruwan Binuwai, amma bai taɓa yafe wa mutanen garin irin gininsu ba. Ɗakin ciyawa a wurinsa akurki ne. Kwano kuwa, da ya fara yawa bayan samun 'yancin kai, cewa yake yi, "Mutum da hankalinsa ya shiga gwangwani ya rufe kansa, a wannan zafin?" Gidanmu soro ya yi shi irin na Kano, tubali da azara, rufin ƙasa a shimfiɗe, ga indararo biyu suna leƙen titi. Ba zan ci amanarsa ba, da bazara, lokacin da garin ke gasa mutane, zaurenmu ne mafakar unguwa. Waɗanda ke yi masa dariya da damina su ne ke zuwa su miƙe ƙafa a kan tabarmarsa da azahar.

Soro yana da hidimarsa. Duk bayan babban ruwa sai a jira rana ta buge shi wuni guda, sannan mutum ya hau ba takalmi, ya bi da tafin ƙafa yana neman tsaga, ya toshe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya share bakin indararo. Tun ina ɗan shekara goma wannan aikina ne, don na fi shi rashin nauyi. Doka ɗaya ce ba ya wasa da ita: ba a hawa jiƙaƙƙen soro. Sau ɗaya na karya ta, garin ɗauko ƙwallo, na sha dukan da har yau ban manta ba.

Dada kuwa haifaffiyar Yola ce, ta san saman garinsu. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai ta ce a ɗora wa soron jinkar ciyawa, ko da a kan ɗakinta ne kawai.

"Malam, ruwan nan ba na Kano ba ne," in ji ta. "Na can ya zuba ya tafi. Namu zama yake yi."

"Ruwa ruwa ne," in ji Baba. "Ki bar wa magini gini."

Kuma kowace shekara rana tana rufa masa asiri. A yi kwana biyu ana marka, wannan yayyafin da ba ya ɗaukewa, a rana ta uku gari ya washe, in hau in toshe, ya kalli Dada ta gefen ido.

Da aka yi jihohi, Yola ta koma ƙarƙashin Maiduguri. Na samu aikin akawu aka tura ni can. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ga sabon keke, ga agogo a hannu, ina ganin ba abin da za a gaya min wanda ban riga na sani ba. Daminar da nake magana a kanta, a Maiduguri ba damina ba ce. Hadari zai haɗu baƙi ƙirin daga gabas, kowa ya fito yana kallo, iska ta zo ta watsar da shi. Gero ya yi yaushi a gonaki, ana ta fita roƙon ruwa. A ofis takarda manne wa hannu take yi saboda gumi.

Cikin wannan hali wani direban babbar mota, maƙwabcinmu a Jimeta, ya same ni a ofis da saƙo. Hausarsa irin ta tasha ce, ba ruwansa da mace ko namiji.

"Oga, Dadanka ya ce ka zo gida. Rana bai fito ba yau kwana tara. Ɗaki yana yoyo ko'ina."

Dariya na yi. Na kamo hannunsa na fito da shi bakin ƙofa, na nuna masa sama. "Ga ta nan, ɗaukar musu a bayan mota." Yolar da na sani ce za ta kwana tara ba rana? Na koma ciki na ba abokan aiki labari, wani Babarbare ya ce in rubuta gida a aiko musu da ragowar gajimaren. Muka yi ta ƙyaƙyatawa. Direban bai yi dariya ba, ya ce shi dai ya isar.

Bayan kamar mako guda wasiƙa ta zo. Dada ba ta rubutu, wani malamin makaranta mutumin Numan da ke haya a bayan gidanmu shi ya rubuta mata, kuma da ganin maganar ka san bai gyara komai ba. Ta ce gishiri ya narke a cikin tulu, ashana ba ta kamawa, tabarmi sun yi funfuna, tasoshinta duka suna ƙasa suna tarar ruwa. Ta ce Bappa, tsohon Bafulatanin da muke katanga ɗaya da shi, ya kawo ciyawa kyauta, Baba ya ce ya mayar. Malamin ya samo tamfol, Baba ya ce ba a rufe ginin magini da tsumma. Sannan ta ce, "Ya hau sau biyu da kansa yana ƙara ƙasa. Ba ya jin tawa. Kai ne ɗansa, kai ne na gwamnati, in ka ce a rufe zai yi shiru. In ya ƙi, ka hau a madadinsa. Ka zo."

Wannan layin kaɗai ya isa ya tayar da ni tsaye. Ni na fi kowa sanin abin da ake nufi in an ce Baba ya hau jiƙaƙƙen soro. Na kuma san ƙasar da yake ƙarawa a Kano magani ce, don rana za ta busar da ita kafin wani ruwan, amma ɗanyar ƙasa a kan ɗanyar ƙasa nauyi kawai take ƙara wa azara. Duk na sani. Sai dai ina karantawa ina kallon taga, ga rana tana ƙona bishiyar darbejiya, abin ya ƙi shiga kaina. Da na nemi izinin kwana uku da an ba ni, shugabanmu ba mai tsanani ba ne. Ban nema ba. Na zauna na tsara amsa da kyakkyawan rubutu, na ce a yi haƙuri, marka ba ta daɗewa, Baba ya san aikinsa. Har na ƙara da cewa rediyo ma ta ce bana ƙarancin ruwa ake fama da shi a jiharmu, don haka kada Dada ta tayar da hankalinta. A jiharmu! Kamar ranar da aka ja layi a taswira aka haɗa mu da Barno, an haɗa mana har da sama.

Zuwan direban na biyu bai shigo ofis ba. Daga bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Baba ya faɗo."

A motarsa na taho. Har muka wuce Damboa rana ce tsagwaronta. Muna hawa tudun Biu gari ya fara lumshi, kafin Gombi sama ta rufe ruf, yayyafi ya fara, sanyi ya shiga ni. 'Yar shara ce kawai a jikina, ban ɗauko ko da mayafi ba, don har a lokacin ban gama yarda ba. Direban ya miƙo min buhu na yafa. Binuwai ta cika ta batse, muka daɗe muna jiran jirgin fito. Da muka haye, na ga katangun Jimeta sun yi kore da gansakuka, mutane na yawo da rigunan sanyi. Wani da ya san ni amma bai ji labari ba ya tare ni da fara'a. "Ka zo a sa'a! Bana Allah ya hutar da mu, ko fanka ba ma nema." Na ji kamar in shaƙe shi.

Malamin ne ya ba ni labarin yadda abin ya faru. Da safe ne, bayan karin kumallo. Baba ya kwaɓa ƙasa, ya cika kwando, ya hau tsani, hawansa na biyar ke nan. Dada tana madafa tana fama da jiƙaƙƙen itace. Azarar da ta sha ruwa har ta gaji ta karye, ya rufto cikin ɗakinta shi da rabin rufin. Da hannu maƙwabta suka tono shi. Ƙugunsa ya karye. Mai ɗori ya yi nasa, daga baya asibiti suka yi nasu, amma Baba bai sake tsayawa da ƙafarsa ba har ya bar duniya.

Na same shi kwance a gidan Bappa, don an ce sauran soron ma ba abin yarda ba ne. A ɗakin ciyawa aka kwantar da shi, ƙasa a bushe ƙamas, ko ɗigo babu. Ya rame, gemunsa ya yi fari fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa ina jiran faɗa, wallahi so nake ya yi min faɗa.

"Ka iso?" ya ce. "Yaya Barno? An samu ruwa?"

"Ba a samu ba, Baba."

"Allah ya ba su namu."

Shi ke nan abin da ya ce. Bai taɓa tambayata dalilin da ban zo ba, a lokacin ko daga baya. Na ji haushinsa ranar, kuma ban daina ji ba. Taurin kansa ne ya hau da shi soron nan, shi da ya dake ni saboda ita wannan dokar. Ya gwammace ya karye da a ce ginin Kano ya sha kaye a hannun ciyawa. Amma haushin nasa bai taɓa rage min nawa ba.

Dada kuwa gaisuwa kawai take amsawa, "Jam," wato lafiya da Fillanci, ta ci gaba da abin da take yi. Ta ba ni abinci, ta shimfiɗa min tabarma, ba ta kalle ni ba. Kwana uku muna haka, garin yana nan a lumshe. A rana ta huɗu da hantsi gajimaren ya tsage, rana ta fito da ƙarfinta, irin ta Yola da na sani. Unguwa ta ɗauki sowa, mata suna fito da tabarmi da katifu, katangu suna tururi. Baba ya ce a fitar da shi. Ni da Bappa muka ɗauko shi da tabarmarsa muka ajiye a tsakar gida. Ya daɗe yana kallon saman soronsa ta kan katanga. Ya ce, "Wuni ɗaya irin wannan nake nema." Bappa ya ce, "Sai haƙuri, Malam."

Da la'asar Dada ta kira ni cikin gidanmu. Tana tsaye a bakin ɗakinta, inda babu rufi, gadonta na ƙarfe ya lanƙwashe a ƙarƙashin ƙasa, kwanukan jerenta sun lotse. Ta kwance bakin zanenta ta ciro takarda a ninke. Wasiƙata ce.

"Malamin makaranta ya karanta min," ta ce. "Ina so in ji da bakinka."

"Dada, ki yi haƙuri, ban san..."

"Karanta, bingel am."

Ɗana, ke nan, da Fillanci, kuma rabon da ta kira ni haka tun ina ƙarami. Na karanta. Na karanta gaisuwar, na karanta cewa marka ba ta daɗewa, na karanta cewa Baba ya san aikinsa. Da na zo wurin rediyo sai na tsaya. Ta jira. Ba ta taimake ni ba, ba ta kawar da kai ba, sai da na karanta shi har ƙarshe, har da sa hannuna, ɗanku mai biyayya.

Ta karɓa ta ninke ta mayar bakin zane ta ɗaure.

"To, na ji," ta ce. Ta ɗaga kai ta kalli ragowar rufin da ke rataye a kan azara biyu. "Gobe ka hau ka sauke min sauran ƙasar nan. Soron ya bushe yanzu. Ba abin da zai same ka."