Ƙafar da Aka Sa a Turu

A daminar da ake ta zancen Turawa za su tafi, mu a Kahu ƙafar yayana ce ta dame mu. Ni karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, can ma a gyangyaɗi na yi fice, saboda haka abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Yaya mutum ne shiru-shiru, amma in ciwonsa ya motsa sai ya yi ta amsa wa muryoyin da shi kaɗai yake ji. Shekarar nan kurkunu ya fito masa a idon sawu, ƙafa ta kumbura, jiki ya yi zafi rau, kan ma ya rikice fiye da yadda muka saba. Har maƙwabci ya bi da fartanya. Baffanmu, mai riƙon gida tun rasuwar mahaifinmu, ya ce a sa shi a turu, gungumen icen da ake maƙale ƙafar mai taɓin hankali. Da gangan ya zaɓi mai ciwon, wai ta nan aljanin kududdufi ya shiga.

Ni nake kai masa kunu. Kullum ƙarfen turun na cin kumburin, kullum sambatu na ƙaruwa, har ƙafar ta fara wari.

Na ce, "Baffa, a canja ƙafa mana, ko aljanin ya samu ƙofar fita."

Ya ce, "Ja'iri, yaushe ka zama boka?"

Inna ba ta taɓa yin maganar Yaya a gaban mutane ba, don kunyar ɗan fari. Ranar sai muka ji ta daga bayan zana tana ce wa Baffa: "Malam, ƙafar yaron nan za ta ruɓe ina kallo?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Aka mayar da turun ɗaya ƙafar. Muka riƙa gasa ciwon da ruwan ɗumi, ina naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan. Da kumburi ya sace, zazzaɓi ya sauka, wata ran kasuwar Kibiya ya dube ni, ya kira sunana, ya tambaya ko an yi wa gero maimai. Ranar aka kwance shi.

Ba warkewa ya yi ba. Ciwon kan ya yi ta zuwa yana tafiya har Allah ya karɓi ransa. Jikata mai karatun likita ta ce yanzu ana binciken yadda kumburi a jiki yake taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa, ba a gama ganewa ba tukuna. Ni dai na san da ƙafafunsa biyu muka binne shi.